Malam Hudu da Rumfar Motar da Ta Ƙi Rufuwa

Kwana nawa mutum zai yi yana shiru a kan gaskiya kafin shirun nasa ya zama ƙarya? Kwana ɗaya ne, ko uku, ko kuwa tun daga lokacin da ya haɗiye maganar? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina. Na kai ta gaban waɗanda suka fi ni karatu, kowa ya ba ni tasa amsar, amma har yau ban samu wadda ta zauna mini ba. Saboda haka ba amsa na kawo muku yau ba, labari na kawo. Na baya ku matso, ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, shekaru masu yawa da suka wuce. Sunansa Malam Hudu. Sana'arsa ɗinkin kujerun mota da tamfol. Shagonsa shi ne na ƙarshe a layin makanikai, daga shi sai fili. A ciki akwai keken ɗinki na ƙafa, da babban almakashi, da basilla, da gwangwanin ƙananan ƙusoshi, da guntun alli da ba ya rabuwa da bayan kunnensa. Bayan shagon akwai ɗaki guda, nan yake kwana. Matarsa ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya ce, tana aure can nesa, sai dai saƙon gaisuwa a bakin direbobi. Shi kaɗai yake cin abincinsa, shi yake wanke kwanonsa.

Ba shi da gida, ba shi da gona. Abu ɗaya yake da shi, suna. Shekara arba'in yana wannan aiki, har mutanen layin suka saba cewa, "Malam Hudu ba ya yanka sau biyu." Wato in ya auna, ya ja alli, ya sa almakashi, magana ta ƙare, yadi zai hau kamar tare aka ƙera su da motar. Saboda wannan suna ne bencin ƙofar shagonsa ba ya rabuwa da mutane bayan La'asar. Masu gyaran inji, masu fenti, da Anaruwa mai faci, wanda sa'ansa ne kuma abokin tsokanarsa. Shi Malam Hudu ba mai yawan magana ba ne. Yana taka keke, suna hira, yana jin muryoyinsu a bayansa. Wannan ɗan lokacin shi ne iyalinsa.

To, a garin akwai wani attajiri, Alhaji Mijinyawa. Mahaifinsa ya rasu ya bar wata tsohuwar mota, irin ta da, wadda ba ta da rufin ƙarfe. Samanta rumfa ce ta yadi mai kauri a kan ƙarafa masu naɗewa. In ana son iska a tura ta baya ta kwanta, in rana ta yi zafi ko ruwa ya sauko a jawo ta gaba, a maƙala ƙugiya biyu a saman gilashi, ɗaya dama ɗaya hagu. Motar ta shekara ashirin da wani abu a gindin tsamiya a bayan gida, kaji suna ƙwai a cikinta. Da girma ya fara kama Alhaji, sai kewar mahaifinsa ta taso masa, ya ce sai motar nan ta tashi.

Aikin ƙarfe aka ba wani mai walda da ake kira Korau. Baƙo ne a garin, bai fi shekara biyu da zuwa ba, da matarsa da 'ya'yansa, ba dangi, ba mai tsaya masa. Wata takwas yana kan motar. Ya yanke ruɓaɓɓen ƙasanta ya sa sabo, ya sake ƙera ƙarfen da ke riƙe gilashin gaba, wanda tsatsa ta cinye. Yadin rumfa kuwa daga ƙasar waje Alhaji ya aika aka kawo. Wata biyar ana jiransa, kuma daidai rumfa ɗaya ne, ba ƙari.

Ranar da yadin ya iso, Alhaji ko zama bai yi ba ya taho shagon Malam Hudu.

"Malam, kaya sun iso. Yau nake so ka auna."

Malam Hudu ya je ya duba motar. Tana ɗore a kan kututture huɗu, biyu can wajen hanci, biyu can wajen wutsiya. Ba taya, ba inji, ba ƙofofi.

Ku saurara nan da kyau. Ubangidan da ya koya wa Malam Hudu sana'a ya sha gaya masa cewa ba a auna wa irin wannan mota rumfa sai tana tsaye a kan tayoyinta. Dalili, motar da ba ta da rufin ƙarfe ba abin da ke riƙe ta ta sama. In ka tallafe ta ta kai da ƙafa, tsakiyarta sai ya ɗan lotsa, kamar gadon kara in an hau shi. Ido ba zai gani ba, amma tazarar da ke tsakanin gilashin gaba da bayanta ta ragu. Ranar da aka sauke ta a kan tayoyi sai ta miƙe, tazarar ta koma yadda take.

Ya san wannan. Ya ma buɗe baki ya ce, "Alhaji, da an bari ta sauka ƙasa tukuna."

"Haba Malam, sai fa an yi wata guda kafin inji ya dawo. Kai da kake auna abu da ido? Ni tunda nake ban taɓa jin an ce ka kuskure ba."

Maganar ta yi masa daɗi. Ba wani abu ne ya kayar da shi ba, jama'a, daɗin magana ne. Ya ce a ransa, ɗan abin da ta lotsa ai zan ƙara mata da ido. Tsohon yadin ya ruɓe, ba abin kwatance, don haka ya shimfiɗa takardar buhun siminti a kan ƙarafan, ya ja alli, ya ƙara abin da yake ganin ya isa, ya koma shago ya sa almakashi.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki mota ta sauka a kan tayoyinta. An yi mata fenti ruwan madara, tana sheƙi. Malam Hudu ya ɗora yadinsa a kan ƙarafan, ya bi shi da ƙananan ƙusoshi. Duk layin ya taru kallo. Aka jawo rumfa gaba. Ƙugiyar dama ta kama da ƙyar. Ta hagu ta tsaya, saura yatsa biyu. Aka ja. Mutum huɗu suka haɗu suka ja, har yadin ya fara ƙara kamar zai yage. Yatsa biyun nan suna nan. Ta wannan giɓi kana hango sararin sama, in ruwa ya sauko a kafaɗar mutum zai zuba.

Alhaji ya ce, "Malam, me ke nan?"

Kafin Malam Hudu ya ce komai, Anaruwa mai faci ya riga shi. "Alhaji, kada ma ka dubi wajen nan. Tsohon nan ko idonsa a rufe ya yanka yadi sai ya hau. A dai duba wanda ya taɓa ƙarfe."

Sai duk idanu suka koma kan Korau.

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, na auna. Da igiya na auna, kusurwa zuwa kusurwa, sau uku."

"Igiyarka ce ta fi allin Malam Hudu? Yaushe ma ka zo garin nan? Motar ubana na ba ka, ka karkatar mini da goshinta." Alhaji ya yi ta faɗa, ya faɗi abin da ya dace da wanda bai dace ba. Ya ce shi ya yi kuskure da ya ba wanda ba a san asalinsa ba aikin da ya fi ƙarfinsa. Mutane suna tsaye suna ji.

Korau bai rama ba. Ya juya wajen Malam Hudu ya ce, "Baba, kai ne babba a nan. Don Allah ka duba mini."

Malam Hudu ya ce, "Zan duba."

A wannan lokacin bai tabbata ba. Ya dai fara zargin awonsa, amma bai tabbata ba. Ni ban ɗora masa laifin wannan rana ba.

Washegari da sassafe, bayan an idar da sallar Asuba, kafin kowa ya buɗe shago, ya je wajen motar shi kaɗai. Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya, kuma babu wanda ya yi tunaninta, don ba mai ƙarfin halin taɓa aikin Malam Hudu. Ya zare ƙusoshin gaban rumfar, ɗaya bayan ɗaya, ya yaye yadin, ya bar ƙarafan tsirara. Ya jawo su gaba da hannu ɗaya. Suka sauko kan gilashi ba gardama. Ƙugiyar dama ta kama. Ta hagu ta kama. Ko takarda ba za ta shiga tsakani ba.

Aikin Korau daidai yake. Yadin ne ya gaza.

Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙugiyar nan. Sannan, jama'a, ya ɗauko yadinsa ya mayar, ya bi shi da ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, kowace a raminta na jiya. Ya koma shago ya zauna a gaban keke.

Kwana tara ya yi a haka.

Ba zan ce muku mugun mutum ba ne. Kowace safiya da niyyar faɗa yake tashi. Sai zuciyarsa ta ce, bari Alhaji ya huce tukuna. Washegari ta ce, wataƙila in rana ta dake shi yadin zai saki, abin ya gyaru ba sai an yi magana ba. Wata rana ta ce, ai ba kai ka zagi yaron nan ba, ko kalma ɗaya ba ka faɗa a kansa ba. Kuma gaskiya ne, bai faɗa ba. Abin da zuciyar ba ta fito fili ta gaya masa ba shi ne, in sunan nan ya tafi, wa zai sake zama a bencin nan?

Shi kuwa Korau, aiki ya ɗauke masa. Wanda ya kawo masa aikin ƙofar gida ya zo ya ɗauke abinsa. Mai tifa da ya saba kawo masa gyara ya wuce shagonsa bai ko rage gudu ba. A bencin Malam Hudu aka sa masa suna, Korau Karkatau. Anaruwa yana cewa, "Ku daina ba shi ruwa a kofi, zai miƙo muku shi a karkace." A yi dariya. Malam Hudu yana taka keke, bai yi dariya ba, bai kuma hana ba.

Abin da ya fi cin sa shi ne gaisuwa. Kowace safiya Korau zai biyo ta ƙofar shagon ya rusuna.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ka samu ka duba kuwa?"

"Ina nan ina dubawa."

"To, Allah ya ba da iko."

Ya wuce. Malam Hudu ya bi bayansa da kallo. Abinci ya daina shiga. In ya ɗaga hannu zai yi addu'a sai ya rasa ta inda zai fara, ya shafa a haka.

A rana ta tara Korau bai biyo ba. A ranar ce kuma Alhaji ya aiko cewa ya ɗauko wani gwanin walda daga birni, gobe zai zo ya yanke ƙarfen gilashin ya jawo shi baya yatsa biyu, don ya sadu da rumfa. Kun ji fa. Za a yanka abin da yake daidai don ya bi wanda ya gaza.

Gari ya waye, gwanin birni ya iso da tulun gas ɗinsa da baƙin tabarau. Mutane suka sake taruwa. Ya ja layi a jikin ƙarfen, ya kunna wuta, ya daidaita harshenta har ya yi shuɗi.

Sai aka ji Malam Hudu ya ce, "Dakata, ɗana."

Muryar ba ta fito sosai ba, sai da ya sake faɗa. Ya ratsa mutane da ɗan ƙarfen zare ƙusa a hannunsa. Bai yi wa kowa bayani ba. Ya zare ƙusoshi, ya yaye yadi, ya jawo ƙarafan da hannu ɗaya. Dama ta kama. Hagu ta kama. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai hucin wutar gas.

Ya ce, "Alhaji, motarka lafiyarta ƙalau. Aikin Korau ba shi da aibu. Ni na auna ta tana kan kututture, na san ba a yin haka, na yi. Yadin ne ya gaza, kuma ni na yanka shi."

Anaruwa ya yi maza zai cece shi. "Kai tsoho, bar wannan magana. Yadin Turawa ne, ya sha zafin ƙasarmu ya tsuke. Wa zai ga laifinka?"

Ga ƙofa an buɗe masa, jama'a. Da ya yi shiru, da kowa ya karɓa, har Alhaji. Amma ya ce, "A'a, Anaruwa. Yadi bai tsuke ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan. Ba yau na sani ba. Tun washegarin ranar da aka zagi yaron nan na zo da asuba na gwada, na gani, na mayar da ƙusoshin. Yau kwana tara ina kallo kuna yi masa dariya a ƙofar shagona."

Ba wanda ya tambaye shi wannan. Ba wanda zai taɓa sani. Shi ya ɗauko ya ajiye a gabansu.

Ya ɗaga kai yana duba cikin taron. "Ina Korau?"

Wani mai fenti ya ce, "Ai ya tashi. Jiya da hantsi ya loda kayansa da iyalinsa a bayan wata akori-kura. An ce wani ƙauye ya nufa a bakin babban titi."

Alhaji Mijinyawa ya dubi Malam Hudu. "Ka cuce ni, Malam. Ka ɓata mini yadi, wannan da sauƙi. Ka bar ni na ci mutuncin bawan Allah kana tsaye."

"Haka ne, Alhaji. Ba ni da abin cewa. Abu ɗaya nake roƙo, mu je mu same shi, ni da kai."

"Ni? In tashi in bi mai walda har ƙauye in ba shi haƙuri? Kai ka jawo, kai za ka je. In ka same shi ka ce masa ya dawo, an gano ba laifinsa ba ne."

Malam Hudu ya rufe shago, abin da bai taɓa yi a ranar aiki ba, ya shiga motar haya. Ya sauka a ƙauye biyu yana tambaya, a na uku ya same shi a gindin wata dalbejiya, yana liƙe wa wani manomi garma. Korau ya miƙe da ya gan shi.

"Baba, kai ne a nan? Lafiya dai?"

Malam Hudu ya ƙi zama a kujerar da aka miƙo masa. A tsaye ya faɗi komai, bai rage ba. Korau ya koma ya tsuguna, ya ɗauki garmar yana juya ta a hannu.

"Tun yaushe ka ce ka sani?"

"Tun washegari."

"Kullum fa ina gaishe ka."

"Kana gaishe ni."

"Kana amsawa."

"Ina amsawa."

Korau ya ajiye garmar. Sannan ya ce, "Ka san abin da ya fi mini ciwo, Baba? Ba zagin ba ne. Ni da kaina na fara yarda ni ne. Sai in zauna ina tuna igiyar nan, ina cewa ko hannuna ya goce ban sani ba. Garmar nan da kake gani, sau huɗu na auna ta kafin in iya sa mata wuta."

Hawaye na bin gemun Malam Hudu. Korau ya ɗago ya dube shi.

"Na yafe maka, tunda ka tako da ƙafarka. Ban ce zuciyata ta huce ba, amma na yafe."

"To ka dawo. Alhaji ya ce ka dawo."

"Ya ce in dawo." Korau ya ɗan yi murmushi. "A gaban jama'a ya ce ba a san asalina ba, da bakinsa. Yanzu kuma saƙo ya aiko. Baba, hanyar da ta kawo ka ba a rufe ta ba."

Malam Hudu ya dawo shi kaɗai. Ya kai wa Alhaji amsa yadda aka ba shi. Alhaji ya ce, "To ya zauna can. Ni dai ba inda za ni."

Saura gyaran rumfa. Sabon yadi babu. Abin da ya rage 'yan guntayen da almakashi ya zubar ne, waɗanda Malam Hudu ya adana a buhu. Ya farke ɗinkin baya, wajen ɗan gilashin da ake hangen baya ta cikinsa. Ya yanko tsiri mai faɗin yatsa biyu ta hagu, yana tafiya yana sirancewa har ya ƙare ta dama. Wannan karon sau biyar ya auna, motar tana kan tayoyinta, ƙofofi a rufe. Ya ɗinke da basilla, da hannu, don keke ba zai bi wannan lanƙwasa ba. Ya yayyafa wa yadin ruwa, ya bar motar a rana tsaka har ya yi laushi, ya ja, ya buga ƙusa, ya sake yayyafawa. Kwana uku yana wannan.

Kuma a kwana ukun nan, bayan La'asar, bencin ba kowa. Ba wai sun yi shawarar ƙaurace masa ba ne. Kunya ce. Duk wanda ya zauna nan zai tuna dariyar da ya yi, kuma mutum ba ya son wurin da ke tuna masa da irin wannan. Suka koma gindin wata bishiya a ɗaya ƙarshen layin. Anaruwa yakan ɗago hannu daga nesa ya ce, "Tsoho, ana aiki?" ya wuce. Malam Hudu yana jiyo hirarsu can, ba ya rarrabe kalmomin. Kuma daga ranar ba a sake cewa ba ya yanka sau biyu ba.

Alhaji ya zo karɓar mota. Aka jawo rumfa, ƙugiya biyu suka kama, ba giɓi ko na allura. Ya zagaya baya, ya tsaya a kan tsirin.

"Ba yadda za a yi a ɓoye wannan?"

"Babu, Alhaji. Na iya ɗinke shi ya yi ƙarfi, ban iya ɓatar da shi ba. Kuma kada a naɗe rumfar sai ta yi mako biyu a rufe, don yadin ya zauna."

Alhaji ya shiga ya tayar. Da ya ɗaga ido zai gyara madubi, abin da ya fara gani shi ne ɗinkin. Mako biyu, duk inda ya nufa, in ya dubi baya sai ya gan shi.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Sunan da sai an zalunci wani zai tsaya, ba naka ba ne, na wanda aka zalunta ne ka ara ba da saninsa ba. Malam Hudu ya mayar da shi ga mai shi, ya mayar a makare, kuma ya biya da abu ɗaya tilo da yake da shi a duniya. Ba a saka masa da dukiya ba, ba a yi masa kirari ba. Kada in yaudare ku cewa duk wanda ya faɗi gaskiya gobe zai ga riba a hannunsa. Wani bencinsa ne zai zama ba kowa. Sakamakonsa yana wajen Wanda ya gan shi da asubar nan yana mayar da ƙusoshi, ya kuma gan shi ranar da ya zare su a gaban mutane.

Kwana taran nan kuwa, Allah ne ya san yadda zai auna su. Ni abin da na sani shi ne, a cikinsu ne mutum ya rasa aikinsa, ya rasa garin da ya zauna, har ya fara zargin hannunsa. Shiru bai bar abubuwa yadda suke ba.

Kuma kada ku ce wannan labarin masu gyaran mota ne. A cikinmu nan akwai wanda aka ɗora wa abokin aikinsa laifin da shi ya yi, ya sunkuyar da kai ya ce ai ba ni na faɗa ba. Akwai wanda a gidansa ake ganin baƙin wani saboda abin da shi ya ɓata. Akwai wanda awonsa ne ya gaza, amma yake neman a yanke mutumin da yake daidai don ya zo daidai da shi. Wani yana rana ta biyu, wani yana ta tara, wani shekara goma ke nan. Kada ka jira sai an kunna wuta. In kuma kai ne ka yi zagin da bakinka a gaban mutane, to kada ka aika saƙo. Ƙafarka ce za ta je.

Ranar da mako biyu suka cika, da hantsi, Malam Hudu yana zaune shi kaɗai yana sa wa keke mai, sai motar nan ruwan madara ta tsaya a ƙofar shagonsa. Alhaji Mijinyawa bai fito ba. Ya daɗe riƙe da sitiyari, yana kallon gabansa. Sannan ya leƙo.

"Malam, ƙauyen nan. In an wuce gada, hagu ake yi ko dama?"

"Dama, Alhaji. Ƙauye na uku. Za ka gan shi a gindin dalbejiya, bakin titi."

"In ya ƙi saurarona fa?"

"Sai ka tsaya har ya gama abin da yake yi. Ni ma a tsaye na yi tawa."

Alhaji ya gyaɗa kai. Ya dubi kujerar da ke gefensa, ya ce, "Da na tafi da kai. To motar mutum biyu take ɗauka, kuma ina fatan ba ni kaɗai zan dawo ba."

"Allah ya kiyaye hanya, Alhaji."

Ya sa giya, ya hau titi, ya nufi gada.